Eriyar Maƙwabci: Tarihin Saɓani Tsakanin Masu Rediyon Sha'awa da Maƙwabtansu

Gabatarwa

Hausawa na cewa zo mu zauna, zo mu saɓa. Daga cikin saɓanin maƙwabtaka da zamani ya haifar akwai wanda aka shafe fiye da shekara ɗari ana yi a Amurka da Turai, wato rigimar da kan tashi idan mutum ya kafa dogon turken eriya a bayan gidansa domin ya riƙa magana da mutanen nesa ta rediyo. Waɗannan mutane su ne muka kira masu rediyon sha'awa, domin ba sana'a suka ɗauki abin ba, ba su watsa shirye-shirye ga jama'a, doka ma ta hana su neman kuɗi da shi. Hukuma ce ke yi musu jarrabawa, ta ba su lasisi da lambar kira, ta keɓe musu zangunan da za su yi magana a kai. Ƙorafin maƙwabtansu kuwa iri uku ne: tashar tana ɓata musu rediyo da talabijin, turken ya ɓata fasalin unguwa, sannan suna fargabar igiyoyin da yake fitarwa za su taɓa lafiyarsu. Wannan maƙala za ta bi diddigin waɗannan ƙorafe-ƙorafe da yadda hukumomi suka tinkare su.

Mafarin rigimar

Bayan Marconi ya aika da saƙo daga Ingila zuwa tsibirin Newfoundland, wanda yanzu yake cikin Kanada, ba tare da waya ba a watan Disamba na 1901, samari da dama a Amurka suka shiga harhaɗa na'urori a ɗakunansu. Na'urorin wancan lokaci da tartsatsin lantarki suke aiki, ƙararsu kuma takan mamaye zango mai faɗi, har ta shiga saƙonnin jiragen ruwa da na sojan ruwa. Nutsewar jirgin Titanic a watan Afrilu na 1912, da ruɗanin saƙonnin da ya biyo baya, suka sa majalisar dokokin Amurka ta yi doka a wannan shekara. Dokar ta wajabta lasisi, ta kuma tura masu sha'awa zuwa zangon mita 200 zuwa ƙasa, wanda masana suke ganin ba shi da wani amfani. Sai ga shi a watan Nuwamba na 1923 Léon Deloy a birnin Nis na Faransa ya yi musanyar saƙo da Fred Schnell a jihar Konetikat ta Amurka, a zangon da bai wuce mita 100 da ƴan kai ba. Ta haka duniya ta gane darajar gajeren zango, wanda daga baya masu sauraro a ƙasar Hausa suka saba kamo sashen Hausa na BBC da na Muryar Amurka a kai.

Maƙwabci bai shigo cikin maganar ba sai a shekarun 1920, lokacin da gidajen rediyo suka fara watsa shirye-shirye, akwatin rediyo ya shiga gidaje. Iyali na zaune suna jin kiɗa, sai ƙarar tashar maƙwabci ta rufe komai. Hukumomin Amurka suka fito da lokacin shiru, wanda har yau yana cikin ƙa'idojin hukumar sadarwa ta ƙasar: idan tashar mai sha'awa tana damun jama'a, ana iya hana ta aiki a zangon da ke kawo damuwar daga ƙarfe 8 zuwa 10:30 na dare, da kuma ranar Lahadi daga 10:30 na safe zuwa 1 na rana. Amma ƙa'idar ta gindaya sharaɗi, wato sai in akwatunan masu ƙorafin masu ingancin ƙira ne. Wannan sharaɗi ya nuna tun da wuri an fahimci cewa laifin yana iya kasancewa a gidan mai ƙorafi.

Zamanin talabijin

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu talabijin ta yaɗu, rigimar ta ƙara tsanani. Dalilin yana cikin lissafi. Ana auna igiyar rediyo da yawan kaɗawarta, megahaz ɗaya kuwa shi ne kaɗawa miliyan ɗaya a daƙiƙa. Kamar yadda tsirkiyar gurmi, in an kaɗa ta, take ba da babbar murya tare da wasu ƙananan muryoyi a samanta, haka na'urar aika saƙo take fitar da zangonta na asali tare da ninkinsa biyu, uku, huɗu. A Amurka layi na 2 na talabijin yana tsakanin megahaz 54 da 60. Mai magana a kan megahaz 28, ninkinsa biyu 56 ne. Mai magana a kan 14, ninkinsa huɗu 56 ne. Duka biyun sun faɗa tsakiyar layin. A Ingila a wancan lokaci tashar BBC ta Landan tana aika murya a kan megahaz 41.5, hoto a kan 45, ninkin 14 sau uku kuwa 42 ne. Abin da mai kallo ke gani shi ne zane-zane suna ratsa hoto, ko hoton ya ɓace, wani lokaci ma muryar maƙwabcin ta fito ta akwatin. Maganin wannan yana wuyan mai tashar: ya lulluɓe na'urarsa da ƙarfe, ya sa mata matacin da ke tare ninkin zango.

Akwai hanya ta biyu wadda ta fi wuyar bayani ga maƙwabci. Ko da tashar tana fitar da zangonta tsaf, akwatin talabijin da ba a yi masa kariya ba yakan cika ya tumbatsa idan saƙo mai ƙarfi ya zo daga kusa. Akwatunan farko a Amurka ma sukan juya saƙon da suka kamo zuwa wajen megahaz 21 a cikinsu kafin su fitar da shi, ga shi kuma a 1952 an buɗe wa masu sha'awa zangon megahaz 21. A nan maganin yana jikin akwatin mai kallo, wato a sa masa nasa matacin. Sai dai wanda ya zuba kuɗi ya sayi sabuwar talabijin ba ya son a ce masa ita ce mai lahani. Hujjarsa ɗaya ce: idan maƙwabcin ya kashe tasharsa, hoto yakan dawo garau. Saboda haka aka kafa kwamitoci a garuruwan Amurka da ke zagayawa gida gida suna gwaji da sasantawa. Sau da yawa sukan tarar cewa tartsatsin filogin mota ne, ko wani injin lantarki, ke jawo damuwar, amma da yake turken eriya shi ido ke gani, shi ake ɗora wa laifi.

Doka da kotuna

A tsakiyar shekarun 1980, a wani gari kusa da Ottawa a Kanada, maƙwabta suka kai wani mai rediyon sha'awa ƙara cewa tasharsa tana rikita musu kayan lantarki na gida. Kotu ta hana shi aika saƙo daga gidansa duk da yana da lasisi, sai daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta sassauta hukuncin. Shari'ar ta fito da tambayar da ke gindin rigimar: wa ke da alhakin kare na'ura daga kutsen igiyoyin da ba nata ba? Majalisar Amurka ta ba hukumar sadarwa ikon tsara wa masu ƙera kayan gida mizanin kariya a 1982. Ƙasashen Turai sun yi gaba da haka, domin umarnin da suka fitar a 1989, wanda ya zama tilas daga farkon 1996, ya ɗora wa kowace na'ura nauyi biyu: kada ta damu wasu, kuma ta iya jure kutse gwargwado.

Game da turken kansa, hukumar sadarwa ta Amurka ta yanke a 1985 cewa ƙananan hukumomi na iya ƙayyade tsawon eriya saboda tsaro ko fasalin gari, amma dole su bar wa mai lasisi damar yin aikinsa daidai gwargwado. A 1994 wata kotun tarayya ta yi amfani da wannan hukunci ta ba wata mata gaskiya a kan hukumar garin Mendota Heights na jihar Minesota, wadda ta hana ta kafa turke mai ƙafa 68.

Tsoron cuta

Batun lafiya shi ne ya zo daga baya. A 1976 aka bayyana cewa Tarayyar Sobiyet ta daɗe tana harba igiyoyi kan ofishin jakadancin Amurka a Mosko, a 1977 kuma ɗan jarida Paul Brodeur ya fitar da littafi a kan haɗarin igiyoyin, wanda ya tayar da hankalin jama'a. A 1988 wani likita mai suna Samuel Milham ya binciki bayanan mace-macen masu rediyon sha'awa a jihohin Washinton da Kalifoniya, ya ga wasu nau'o'in sankarar jini sun fi yawa a cikinsu. Amma binciken bai auna igiyoyin da suka shiga jikin kowa ba, kuma da yawansu ma'aikatan lantarki ne masu mu'amala da hayaƙin dalma da wasu sinadarai. Bugu da ƙari, a kan masu tashar aka yi shi, ba maƙwabtansu ba.

Abin da kimiyya ta tabbatar shi ne igiyar rediyo ba ta da ƙarfin fasa ƙwayoyin halitta irin na hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Illarta sananniya ita ce ɗumama jiki idan ta yi yawa, a kan wannan ne kuma aka gina iyakokin tsaro. Amurka ta wajabta wa masu sha'awa auna tashoshinsu daga 1998, Birtaniya ta sa irin wannan sharaɗi a lasisi a 2021. A 2011 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa igiyoyin rediyo a rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo cutar, rukunin da ake sa abin da hujjarsa ba ta yi ƙarfi ba, kuma galibin hujjar daga wayar salula da ake mannawa a kunne ta fito.

Nisa shi ne babbar kariya, domin idan aka ninka tazara, ƙarfin igiyar yakan ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Ke nan eriyar da ke can sama ta fi wadda aka rataya daf da taga aminci ga maƙwabci, ta kuma fi ta rage kutse a talabijin. Maƙwabcin da ya matsa a rage tsawon turke yana iya jawo abin da yake tsoro kusa da ɗakinsa. Haɗarin da ba a jayayya a kansa kuwa shi ne ƙuna ga wanda ya taɓa eriya tana aiki, da faɗuwar turke a iska, da haɗuwarsa da wayar wuta, da tsawa.

Kammalawa

Fasaha ce ta kwantar da rigimar talabijin fiye da kotu. Ingila ta rufe tsohon tsarinta a 1985, talabijin ta koma zangunan da ke nesa da na masu sha'awa, sannan Amurka a 2009 da Birtaniya a 2012 suka koma tsarin dijital. Yanzu ma reshe ne ya juye da mujiya: cajar waya, da ƙwan fitila na zamani, da injin juya wutar sola a gidajen maƙwabta su ne ke cika zangunan masu sha'awa da ƙara. A Nijar da Najeriya da Gana masu wannan sha'awa ƴan kaɗan ne, amma turakun kamfanonin waya da ke tsakiyar unguwanninmu suna tayar da irin wannan fargaba. Tarihin da muka bi ya nuna cewa inda aka zo da na'urar awo aka gwada a gaban kowa, aka kuma bayyana wa ke da alhakin gyara, rigimar takan mutu tun kafin ta kai gaban alƙali.