Yadda Talabijin Ya Sake Kama a Ƙasar Hausa

Basirka gari ne a ƙasar Gwaram, gabas da Birnin Kudu, kusa da iyakar Bauchi. Gari irin wannan shi ne ma'aunin kowane gidan talabijin, gama mutumin da ke zaune gindin turken tasha ba ya sanin ƙarfinta. Na nesa shi ya sani.

Talabijin ya fara a Nijeriya cikin 1959, a Ibadan. Arewa ta sami nata cikin 1962, zamanin Sardaunan Sakkwato, sa'ad da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Hoton baƙi da fari ne, bai kuwa wuce kewayen 'yan manyan birane ba. Cikin 1977 gwamnatin soja ta kafa hukumar NTA, ta tattara tashoshin ƙasar duka a hannunta. Bayan komawa mulkin farar hula Gwamna Abubakar Rimi ya kafa wa Jihar Kano tata, CTV, wadda yanzu ake kira ARTV. A lokacin nan Gwaram da Birnin Kudu duk ƙasar Kano ne, sai 1991 aka yanke Jigawa.

Tsohon tsari yana da wani hali. Ko da gari yana da ɗan nisa, in mai akwati ya ɗaura eriya bisa dogon gora, sau da yawa yakan sami wani abu. Hoton na iya zuwa da yayyafi, mutum ya zama biyu, amma ana jin labarai, ana gane fuskar gwamna.

Sabon tsari, watau dijital, ba haka yake ba. Ana mayar da hoto da murya su zama lambobi, a matse su, a aika, sa'an nan wani ɗan akwati da ake kira dikoda ya warware su. Amfaninsa babba ne. Hanyar iska ɗaya da dā take ɗaukar tasha guda, yanzu takan ɗauki fiye da goma. Ita ce kuma ta ba da damar hoto mai kyan gaske da ake kira HD. Misalinsa kamar saƙa ne: tsohon hoto layi 625 ne, na HD kuwa har 1080, zaren ya fi yawa, saƙar ta fi laushi. Amma sai na'urar ɗaukar hoto, da ta watsawa, da akwatin gida duk sun dace. In ɗaya ya gaza, aikin sauran ya tashi banza.

To, aibinsa guda ne, ya kuwa faɗa kan na nesa. Dijital ba ya yayyafi. Ko dai hoto ya zo tangaram, ko kuwa allo ya yi baƙi ƙirin.

Cikin 2006 ƙasashe suka yi yarjejeniya a Janiba, a kan a bar tsohon tsari kafin 17 ga Yuni, 2015. NTA ta haɗa gwiwa da kamfanin StarTimes na ƙasar Sin cikin 2010, daga baya ta yi rassa, ɗaya na labarai, ɗaya na wasanni, har da NTA Hausa, wadda ba ta magana sai da Hausa. Wannan ci gaba ne, ko da yake sai an biya kuɗin wata. Na gwamnati, mai suna FreeTV, shi ne ya yi nawa. Wa'adin 2015 ya wuce, na 2017 ma haka. An soma a Jos cikin 2016, Kaduna 2017, Kano kuwa sai Nuwamba 2021. Duk manyan birane ne.

Mutanen karkara ba su zauna jira ba. Suka kafa faranti bisa soro da kwano, suka kama hoto daga tauraron ɗan'adam, wanda bai san kusa da nesa ba. Masu gidajen kallo suka sayi janareta suka kawo ƙwallon Ingila. Tashar Arewa24, wadda ta fara cikin 2014, ta wannan hanya ta shiga gidaje kyauta, wasanninta irin su Daɗin Kowa suka zama abin hira a kasuwa. Abin lura a nan shi ne, mai faranti ya fi saurin ganin Landan da Makka bisa ga ganin labarin ƙaramar hukumarsa.

Cikin 2025 hukumar NBC, mai kula da gidajen watsa labarai, ta ba da sanarwa za ta ɗora aikin dijital bisa tauraron Nijeriya na NigComSat, maimakon dogara ga turaku gari gari. Watau gwamnati ta biyo hanyar da garuruwa irin su Basirka suka daɗe da bi.