Turare: yadda baƙon icce ya sami sunan "maganin masassara"

Da damina ta kankama, gida-gida za ka ji ana cewa a je a tsinko ganyen turare, a haɗa da na dogon yaro a tafasa, a yi wa mara lafiya sirace. Mun saba da iccen nan har muna ganin kamar tare da gawo da kuka ya tashi a ƙasarmu. To baƙo ne. Kuma sunan da ya yi na maganin masassara yana da tarihin da ya kamata mu sani, don lafiyar yaranmu na ciki.

Asalin turare ƙasar Ostareliya, inda yake da iri sama da 700. Mutanen ƙasar na asali sun daɗe suna amfani da ganyensa ga mura da ciwon jiki da rauni tun kafin Bature ya taka can. A 1788, da jiragen Ingila suka sauke fursunoni a wurin da ya zama birnin Sidni, likitocin tawagar, John White da Dennis Considen, suka tatsi mai daga ganyen wani irinsa suka gwada a kan masu ciwo. Sana'ar kanta sai a 1852 ta kafu, lokacin da wani mai haɗa magani, Joseph Bosisto, ya buɗe wurin tatsar man kusa da Melbon. Dabarar ba ta da wuya: a cika tukunya da ganye, tururi ya ratsa shi, a sanyaya tururin, mai ya taso bisa ruwa a kwashe. Amma ganye mai ɗimbin yawa ne ke ba da ɗan mai kaɗan, shi ya sa yake da ƙarfi haka. A 1870 wani masanin Faransa, Cloez, ya ware sinadarin da ke ba shi wannan ƙamshi mai buɗe hanci.

Ina maganar masassara ta shigo? A wancan zamani likitocin Turai sun ɗauka mugunyar iska da ke tasowa daga fadama da ruɓaɓɓen ruwa ita ke kawo ciwon. Kalmar malariya ma a harshen Italiya ma'anarta ke nan, mugunyar iska. Sai ga icce mai saurin girma, mai ƙamshi. Suka ce ai shi ke nan, ƙamshinsa zai wanke iska. Faransawa suka dasa shi da yawa a Aljeriya, inda masassara ke kashe musu soja da manoma. A kusa da birnin Rum, wasu limaman Kirista da suka zauna a wani wuri mai suna Tre Fontane a 1868 suka cika shi da turare. Jaridun Turai suka yi ta kiransa iccen masassara.

A wasu wuraren ciwon ya ragu da gaske, amma dalilin daban ne. Turare mashayin ruwa ne. Idan an dasa shi a fadama yana busar da ita, sauro ya rasa inda zai yi ƙwai. A Tre Fontane ɗin ma, da itatuwan da komai, masassara ta ci gaba da kwantar da mutane. Abin mamaki, a Aljeriyar da aka fi yabon iccen, nan gaskiya ta fito: a 1880, a asibitin soja na Kustantina, likita Alphonse Laveran ya ga ƙwayar cutar da idonsa cikin jinin mara lafiya. A 1897 Ronald Ross ya gano ta cikin sauro a Indiya. Ilimi ya wuce gaba, sunan da aka ba iccen ya tsaya inda yake, har ya iso mu.

A Afirka ya sami gida. Sarki Menelik na Habasha ya sa an dasa shi kewayen Addis Ababa a shekarun 1890 saboda itacen girki ya yi wa sabon birnin ƙaranci. Mu nan Nijar, irin da muka fi sani shi ne wanda a ƙasarsu yake fita bakin gulbi, kuma ma'aikatan gandun daji ne suka yaɗa shi, musamman bayan farin shekarun 1970. Ba don magani suka kawo shi ba, don itace ne da katako da tare iska. Ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen icce, a 1984 kuma aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada. Inda ruwa ke kusa, bakin Isa a Yamai ko cikin fadamu, turare ya kama, ya ba mu sandunan rufin ɗaki da na rumfa. A kan tudu kuwa, yawancin dashen baƙin itatuwa bai kai labari ba. Wani ɗan Ostareliya ma, Tony Rinaudo, da ya gaji da ganin dashe na mutuwa a yankin Maraɗi, shi ne a 1983 ya koma kan kututturan itatuwanmu na gida da ke tohowa cikin gonaki. Wannan labari ne na wata rana. Manomi dai ya san abu guda: hatsi ba ya son zama gindin turare.

To mene ne iccen yake yi wa jiki? Tururinsa na sauƙaƙa toshewar hanci da nauyin ƙirji na mura, shi ya sa ake sa mansa cikin man shafawa irin su Vicks. Wanda ya yi sirace ya yi zufa zai ji jikinsa ya saki, kuma ba ƙarya yake ba. Sai dai ƙwayar palu tana cikin jini, tururi ba ya kai mata. Masassarar kanta takan sauka ta dawo, sai a ɗauka siracen ne ya yi aiki, a ƙara kwana biyu a gida. Ga yaro ɗan ƙasa da shekara 5, kwana biyun nan suna iya kai shi ga suma ko ƙarewar jini. Gwajin da ake yi a likita da ɗigon jini daga yatsa minti 15 zuwa 20 yake ɗauka.

Sai kuma ƴan kwalaben man turare da suka fara yawa a kasuwa da tallar WhatsApp. Wannan mai ba na sha ba ne. Ƙasa da cokalin shayi guda yana iya sa ƙaramin yaro jiri, farfaɗiya ko ɗaukewar numfashi, kuma ba a ɗiga wa jariri shi a hanci ko a shafa masa a fuska. Wanda ya saya ya aje shi inda hannun yaro ba ya kai, idan kuma yaro ya sha, kada a sa shi amai, a ɗauke shi a nufi likita da kwalbar a hannu.