Yadda Ake Zaɓen Sarki Da Magajinsa A Tsoffin Masarautun Jamus

Kafin Jamus ta dunƙule ta zama ƙasa ɗaya a 1871, masarautu ne barkatai, manya da ƙanana. Yawancinsu suna ƙarƙashin Daular Rum Mai Tsarki har ta rushe a 1806. Hanya biyu ake hawa karaga: zaɓe ko gado.

Babban sarkin daular zaɓarsa ake yi. A 1356 Sarki Charles na Huɗu ya fitar da dokar da ake kira Golden Bull, saboda hatimin zinariyar da ke jikinta. Dokar ta tsayar da masu zaɓen sarki bakwai: manyan limaman coci na Mainz da Trier da Kolon, sai Sarkin Bohemiya da masu sarautar Palatinate da Saxony da Brandenburg. A birnin Frankfurt suke taruwa, kuma wanda ya samu ƙuri'a huɗu ya ci. In suka kwana 30 ba su daidaita ba, doka ta ce burodi da ruwa kawai za su riƙa ci har sai sun fitar da sarki. Wanda ya san aikin masu zaɓen sarki a Kano ko Zazzau ba zai ga baƙon abu a nan ba. Sai dai tun daga 1438 kusan kullum ɗan gidan Habsburg ake zaɓa.

A sauran masarautun kuwa gado ne. Da can 'ya'ya maza kan raba ƙasar ubansu kamar gona, har ta yi ta gutsurewa. Shi ya sa Golden Bull ta hana raba ƙasashen masu zaɓe, ta ce babban ɗa ne magaji.

Mata fa? Dokar Salic ta hana su gadon sarauta. A 1837 Biktoriya ta zama Sarauniyar Ingila, amma Hanover, wadda a da sarki ɗaya ke riƙe su tare, ta koma hannun baffanta Ernest Augustus.

Charles na Shida na gidan Habsburg kuma ya yi doka a 1713 da ta ba mace damar gado in babu namiji. Da ya mutu a 1740, 'yarsa Maria Theresa ta gaje shi, sai Sarkin Prussia Frederick na Biyu ya mamaye yankin Silesia. Yaƙin gadon bai ƙare ba sai 1748. Ta riƙe sarautarta, amma yawancin Silesia ya tafi.

Sarautun Jamus duka sun faɗi a 1918, lokacin da Wilhelm na Biyu ya yi murabus.