Daga Kanari Zuwa Girafin: Tarihin Na'urar Sansano Gas

Ko ka san cewa tsuntsu ne ya fara aikin na'urar gano iska mai guba? Tun ƙarshen shekarun 1890 masani John Scott Haldane ya ba masu haƙar kwal a Birtaniya shawarar su riƙa shiga rami da ƙaramar dabba ko tsuntsu. Sai suka ɗauki kanari, domin iskar kabon monoksaid ta fi saurin kayar da shi. Da ya faɗi, kowa ya kama hanyar fita. Sai a 1986 aka daina wannan a can.

A shekarun 1960 wani ɗan Japan, Naoyoshi Taguchi, ya ƙera sensa da sinadarin da ake samu daga kuza. Idan gas ya taɓa shi, yadda wutar lantarki ke bi ta cikinsa sai ya canza, ƙararrawa ta kaɗa. Amma fa sai an gasa shi ya kai wajen digiri 200 zuwa 400 kafin ya yi aiki. Ka ga kuwa wannan zafin batir yake sha, ba abin da za ka so a cikin wayarka ba ne.

To, a 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Manchesta suka yi ta ɓare garafait, wato bakin fensir, da salatif, har suka samu shimfiɗa mai kaurin atam ɗaya tak. Ita ce girafin, kuma ita ta ba su kyautar Nobel a 2010. Tunda gaba ɗayanta fuska ce, duk gas ɗin da ya sauka a kanta ana ganewa ba tare da an ɗumama ta ba. A 2007 aka nuna tana iya gane ko ƙwayar gas guda ɗaya.

Matsalarta, gas yana maƙale mata ya daɗe bai saki ba, laima na ruɗa ta, kuma ba ta iya bambance wannan gas da wancan sosai. Shi ya sa yanzu masana ke cuɗa ta da ƙananan ƙwayoyin sinadarai irin na Taguchi, kowanne ya rufe gibin ɗan'uwansa.

Kafin wannan fasaha ta iso aljihunka, ka tuna kabon monoksaid ba ta da wari ko launi, kuma wayarka ba ta jin ta. Don Allah kada ka kunna janareta ko ka bar garwashi a ɗakin da yake rufe.