Ladan Yaro a Gaban Kyamara: Giɓin da ke Cikin Doka

Wasan kwaikwayon iyali ba ya tsayuwa sai da yara, domin gidan Bahaushe da babu aike, babu ƙiriniya, ba zai gamsar da mai kallo ba. Shi ya sa Daɗin Kowa na tashar Arewa24, wanda ake kallo daga Kano har Karshi a gefen Abuja, ya cika da 'ya'yan gida da almajirai. Abin da wannan maƙala ke tambaya shi ne: kuɗin da yaron ya samo da guminsa, aljihun wa suke shiga?

Amurka ta riga mu cin karo da matsalar. Jackie Coogan, wanda ya fito a fim yana yaro tare da Charlie Chaplin a 1921, ya girma ya tarar mahaifiyarsa da mijinta sun cinye dukiyarsa. Ya kai ƙara a 1938, jihar Kalifoniya ta kafa doka da sunansa a 1939. A yau dokar tana tilasta a killace kashi 15 cikin ɗari na ladan yaro har ya mallaki hankalinsa. Duk da haka Gary Coleman, tauraron shirin Diff'rent Strokes da aka nuna daga 1978 zuwa 1986, sai da ya maka iyayensa a kotu a 1989, ya kuma tsiyace kafin rasuwarsa a 2010.

A Nijeriya kuwa, Karshi ta Abuja tana ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 kai tsaye, ba sai ta jira majalisar wata jiha ba, kamar yadda Kano ta jira har 2023. Sashe na 28 ya hana ɗaukar yaro aiki, in ban da ƙaramin aikin gona ko na gida a hannun danginsa. Ke nan ɗan wasa ƙarami ba shi da gurbi: ba a ƙayyade masa sa'o'in ɗauka ba, balle asusun ajiya. Abin da doka ta ƙi ambata kuwa, al'ada ke yi masa hukunci, kuma al'adarmu ta ce abin ɗa na ubansa ne.

A nan bin hanyar kotu irin ta Amurka zai gaza. Coogan da Coleman sun sami abin da suka samu ne ta hanyar shari'a da iyaye. Ɗan Bahaushe kuwa kunya da tsoron baki ba za su bar shi ya tsaya da mahaifinsa gaban alƙali ba, ko da gaskiyarsa. Saboda haka kariyar tilas ta zo kafin kuɗin su isa gida: furodusa ya zuba kason yaron a asusun da ba mai taɓawa sai shi, in ya cika 18.

Za a ce ladan bai taka kara ya karya ba, kuɗin mota ne kawai. Amma shirin da aka biya yaro sau ɗaya ana maimaita shi shekara da shekaru, a ɗora shi a YouTube, talla na shigowa, shi kuwa ya yi gemu.