Likitar da Ta Zaɓi Renon Likitoci

Tarihin kula da taɓin hankali a Najeriya ya daɗe bai san da zaman yara ba. Dokar da Turawan mulkin mallaka suka kafa a 1916, wadda aka yi wa kwaskwarima a 1958, babbar damuwarta ita ce tsare wanda aka kira mahaukaci. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya ɓullo da wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama a gidajen ƙauye tare da danginsu suna karɓar magani. Wannan ci gaba ne babba, sai dai hankalinsa yana kan manya. Yaron da ya daina magana, ko yake firgita cikin dare, ko ya kasa zama a aji, akan ce iskoki ne ko taurin kai, a haɗa shi da bulala.

Cikin waɗanda suka sauya wannan hali akwai Farfesa Olayinka Omigbodun ta Jami'ar Ibadan. Tana ƙaramar yarinya aka harbe mahaifinta, Laftanar Kanar Victor Banjo, a Enugu cikin watan Satumba na 1967, ana tsakiyar yaƙin basasa. Ta yi karatun likita a Ibadan, ta ƙware a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa a can da kuma Ingila, sannan ta ƙaro digiri na biyu kan lafiyar al'umma a Leeds. Ita ce mace ta farko da ta zama farfesa a wannan fanni a Najeriya.

Lissafin da ta tarar mai tayar da hankali ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rabin cututtukan ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin mutum ya wuce shekara 14. Fiye da kashi 40 cikin ɗari na 'yan Najeriya ba su kai shekara 15 ba, alhali likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar duka ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, masu duba yara kuwa 'yan ƙalilan ne a cikinsu. Likita ɗaya, ko da ta kwana a asibiti, ba za ta ga ko cikin cokali na yaran da ke bukatarta ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka ta karkata ga koyarwa.

Da tallafin Gidauniyar MacArthur ta kafa cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa a Jami'ar Ibadan, wadda ta fara ɗaukar ɗaliban digiri na biyu a 2013. Cibiyar ta buɗe ƙofarta ga likitoci da ma'aikatan jinya da jami'an walwalar jama'a, daga Najeriya da ƙasashe irin su Ghana da Saliyo da Laberiya, domin kowa ya koma gida ya koyar da wasu. Daga 2010 zuwa 2014 ta shugabanci ƙungiyar ƙwararrun wannan fanni ta duniya, IACAPAP, kuma ba a taɓa ba wani ɗan Afirka muƙamin ba kafin ita. A 2020 ta zama mace ta farko da ta shugabanci Kwalejin Koyon Aikin Likita ta jami'ar.

A cikin wannan shekara ta 2020 ce Arewa ta ga girman bukatarta. Daren 11 ga Disamba 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. Shekara guda kafin nan 'yan sanda sun fito da yara da matasa ɗaure da mari daga wasu gidajen horo a Kaduna da Daura, inda iyaye suka kai su saboda rashin wata mafita. A ƙananan hukumomin Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara akwai yaran da suka taso cikin ƙarar bindiga da gudun hijira. Raunin jiki ana ganinsa a ɗaure shi, amma firgici yakan fito ne a siffar fitsarin kwance, ko fushi, ko faɗuwa jarrabawa. A lokacin, asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Arewa suna Kaduna da Kware da Maiduguri, tafiyar da ta fi ƙarfin aljihun manomin Daudawa.

A farkon 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958. Doka kuwa ba ta duba mara lafiya, sai an sami mai aiwatar da ita. Darasin aikin Omigbodun ga jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Katsina shi ne su sa lafiyar ƙwaƙwalwar yara cikin karatun kowane ɗalibin likita da na jinya, su kuma horar da malaman makaranta da ma'aikatan ɗakin shan magani na ƙauye, tun da su ne yaron Daudawa zai fara haɗuwa da su.