Filin Jirgin Saman Kano: Titunansa, Yanayinsa da Dangantakarsa da Mutanen Haɗeja

Kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, ƙasar Haɗeja tana cikin Jihar Kano ne, kuma duk alhajin da ya tashi daga Auyo ko Kafin Hausa ko Guri, ta Kano yake hawa jirgi. Saboda haka tarihin filin jirgin saman Malam Aminu Kano wani ɓangare ne na tarihinmu.

Asalin filin

A ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jiragen sojan saman Ingila guda uku, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka sauka a Kano bayan sun taso daga Masar. A filin sukuwa suka sauka, domin babu titin jirgi a lokacin. Sai a 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Kano da Khartum. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi, daga 1940 aka riƙa harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta ƙasar Ghana ta yanzu, suna yada zango a Kano da Maiduguri kafin su wuce Sudan da Masar. Ke nan soja ne suka fara sauka a Kano, farar hula suka biyo baya. An kafa rundunar sojan saman Nijeriya a 1964, kuma har yau tana da sansani da makarantar koyon tuƙin jirgi a wannan fili.

Titunan jirgi

Filin yana da tituna biyu. Babban, mai lamba 06/24, tsawonsa kimanin mita 3,300 ne, kuma shi jiragen fasinja suka fi amfani da shi. Ƙaramin, mai lamba 05/23, bai kai mita 2,500 ba, ya kuma fi yi wa soja aiki. Malaman makaranta za su so sanin cewa lambobin nan alƙibla suke nunawa: 06 na nufin digiri 60 daga arewa, wato arewa maso gabas, 24 kuwa digiri 240, kudu maso yamma. Haka aka shimfiɗa su domin jirgi yana tashi da sauka ne yana fuskantar iska, ita kuwa iskar ƙasar Hausa daga arewa maso gabas take busowa da hunturu, da damina kuma daga kudu maso yamma. Manomin fadamar Haɗeja ya san wannan tun kafin a ƙera jirgi.

Hunturu, bazara da damina

Kowane lokaci na shekara da irin barazanarsa. Da hunturu ƙura takan taso daga kwarin Bodele da ke Chadi, ta rufe sararin sama har matuƙi ya kasa hango titi. Da bazara zafi yakan sa iska ta yi sakayau, fukafukai su rasa abin dogara, injin ma ƙarfinsa ya ragu, don haka jirgi yakan buƙaci doguwar tazara kafin ya ɗaga. Da damina kuwa hadari yakan sako iska mai danna jirgi ƙasa.

Dukkan ukun sun bar tabo. A ranar 24 ga Yuni, 1956, jirgin kamfanin BOAC ya tashi cikin hadari, iska ta danne shi, ya bugi bishiya, mutum 32 suka rasu. A ranar 22 ga Janairu, 1973, jirgi ƙirar Boeing 707 ɗauke da alhazai daga Jidda, wanda aka karkato daga Legas saboda rashin kyawun yanayi, ya yi hatsari wajen sauka cikin hazo da iska, mutum 176 suka rasu. A ranar 4 ga Mayu, 2002, ana gyaran babban titin, jirgin kamfanin EAS ya yi amfani da ƙaramin da tsakar rana, ya zarce ƙarshen titin kafin ya ɗaga, sannan ya faɗa unguwar Gwammaja. Sama da mutum 100 suka rasu, har da waɗanda ke zaune cikin gidajensu. Allah ya jiƙansu da rahama.

Kammalawa

Tun 2014 Jigawa ta sami filin jirginta a Dutse, alhazanmu kuma suka fara tashi daga gida. Amma ƙurar da ke rufe Kano ita ce ke rufe Dutse, zafin ma ɗaya ne. Don haka wajibi ne hukuma ta riƙa gyaran titi da fitilu da na'urorin sauka a kan lokaci, ta kuma hana gine-gine matsowa bakin fili. Mu kuma talakawa, idan aka ce an ɗage tashi saboda hazo, kada mu ɗauka wulaƙanci ne. Kwana ɗaya a sansanin alhazai ya fi zaman makoki sauƙi. Ya kamata malamai su sanar da ɗalibai wannan tarihi, domin cikinsu ne za a sami matuƙa da injiniyoyin gobe.